Ɗan'uwa da Ɗan'uba: Sharhi a kan Fassarar Kalmomin Zumunta

1.0 Gabatarwa

Tun daga ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, hanyar da aka fi bi wajen bayyana kalmomin dangantaka ita ce a nemo wa kowace kalma takwararta ta Ingilishi. Daga nan malamai suka saba da zana jadawali a allo, su sa mutum a tsakiya, su jera masa dangi sama da ƙasa. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa wannan hanya ta gaza, domin jadawali jini kaɗai yake nunawa, alhali ma'anar kalmar zumunta a Hausa tana rataye ne da hakkin da ke tsakanin masu ita.

2.0 Uwa da Uba

A bisa jadawali, ɗan'uwa shi ne wanda aka haɗa uwa da shi, ɗan'uba kuwa wanda aka haɗa uba kaɗai. Amma da zarar an dubi kalmomin da suka tsiro daga gare su, sai a ga sun raba hanya. 'Yan'uwantaka ƙauna ce da taimakon juna, har akan ce ɗan'uwa rabin jiki. 'Yan'ubanci kuwa gaba ce da ƙyashi, ko da tsakanin mutanen da ba su haɗa kome ba.

Abin lura shi ne, Bahaushe ta wajen uba yake lissafin asalinsa, amma da ya tashi sa wa kusanci suna sai ya gina shi a kan uwa. Dalili yana cikin tsarin gida mai mata fiye da ɗaya. 'Yan ɗaki ɗaya nono guda suka sha, 'yan'uba kuwa sun gaji kishin iyayensu mata, ga kuma rabon gado yana jiransu. Saboda haka mai ladabi ba ya nuna wanda suka haɗa uba a gaban jama'a ya ce ga ɗan'ubansa. Ɗan'uwa zai kira shi, ko wa, ko ƙane. Watau kalmar da ta fi daidai a jadawali ita ce ta fi muni a baki.

3.0 Baffa da Kawu

Ingilishi kalma ɗaya yake da ita ga ɗan'uwan uba da ɗan'uwan uwa. Hausa ta raba su, ta ce baffa da kawu, kamar yadda ta raba goggo da inna, kuma dukan kalmomin huɗu suna da takwarorinsu a Fulatanci. Rabuwar ba ta ado ba ce. A fiƙihun Malikiyya baffa yana cikin asaba, yana iya zama waliyyin aure, yana kuma iya cin gado, matsayin da kawu ba shi da shi ta hanyar nasaba. Kawu nasa rabon shi ne tausayi da lallashi.

Bambancin ya gangaro har kan 'ya'yansu. Ɗan baffa ɗan'uwa ne kawai, babba wa, ƙarami ƙane. Amma ɗan mace da ɗan namiji, watau 'ya'yan goggo da 'ya'yan kawu, taubasai ne. Akwai wasa da tsokana a tsakaninsu, ɗaya kan bi ɗaya kuɗin shara a watan Cika-ciki, kuma sau da yawa a nan ake ƙulla auren zumunci. Wanda ya tara su duka a ƙarƙashin kalmar Ingilishi guda ya shafe wasan, ya shafe hakkin.

4.0 Zumunta ba Jini Kaɗai ba

Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954 daga hirar da ta yi da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, ya fi jadawali amfani ga ɗalibi, domin a cikinsa ana ganin kalmomin suna aiki. Ana ganin kunyar ɗan fari, da riƙon yara, da ƙawance wanda ake ƙulla shi da kyauta da biki. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zane zai iya kamawa. Haka kuma uwar ɗaki da ubangida da uban gayya ba su haifi kowa ba, nauyin da suka ɗauka shi ya ba su sunan. Karin maganar da ke cewa zumunta a ƙafa take ta riga masana gano wannan: zumu aba ce da ake sadarwa, in an daina takawa sai ta yanke.

5.0 Kammalawa

A birane yanzu ana jin yara suna cewa anti da onkul da kozin. Aro ba aibi ba ne, harshe da aro yake girma. Asarar ita ce yaron da ya kira baffa da kawu da suna ɗaya ba zai san wanda zai ba da auren ƙanwarsa ba, balle wanda zai tsokana. Ya kamata masu tsara ƙamus da malaman aji su riƙa haɗa kowace kalma da amsar tambayoyi uku: me ake binsa, me yake bi, kuma kunya ce tsakani ko wasa? In ba haka ba, an adana kwanson an zubar da ƙwayar.