Kwanon da Ya Ɓata Hanya: Nazari a kan Fim ɗin The Lunchbox

A shekarar 2013 Ritesh Batra ya fitar da The Lunchbox, fim ɗin da aka gina a kan kuskure guda. Ila, wadda mijinta ya yi wa riƙon sakainar kashi, tana girka masa abincin rana, sai masu kai abinci na birnin Mumbai su kai kwanon teburin Saajan, ma'aikacin da matarsa ta rasu, yana gab da ritaya. Daga nan wasiƙu suka fara kai-komo a cikin kwanon.

Masu sharhi sun yaba da natsuwar fim ɗin, har ya samu kyautar Grand Rail d'Or a bikin Cannes. Da Indiya ta tura The Good Road gasar Oscar a maimakonsa, sai aka yi ta ce-ce-ku-ce.

Amma mai kallon da ya taso da fina-finan Indiya na rawa da waƙa, kamar yawancinmu a ƙasar Hausa, zai zauna jiran haɗuwar masoya, kuma ba za a nuna masa ita ba. Ni a ganina, nan ne ƙarfin fim ɗin yake. Lokacin da Saajan, wanda Irrfan Khan ya fito a matsayinsa, ya hango Ila a gidan abinci ya kasa ƙarasawa saboda ya ji tsufa ya kama shi, mun ga kaɗaici da ainihin fuskarsa: ba rashin mutane ba ne, tsoron a gan ka yadda kake ne. Da an ɗaura musu aure a ƙarshe, da an faranta mana rai, amma da an yi mana ƙarya.