Dara, Karta da Jarumin da Ba Ya Faɗuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan 'yan dara a Haɗeja ko Auyo ko Kirikasamma, bayan an kawar da amfanin gona, ya san wani tsari da ke kashe wa abokin wasa jiki. Gidaje 30 ne a haƙe a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗa ɗaya na abokinsa. Gwani kan ajiye biyu a wannan layi, biyu a layin da ke maƙwabtaka da shi, sannan ya sa na biyar a tsakani. Ya tura shi sama, uku ta cika, ya ci. Ya dawo da shi ƙasa, uku ta sake cika, ya ci. Idan ba a toshe gidan da ya bari ba, wasa ya ƙare.

Masu wasan kartar Magic: The Gathering, wadda Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar a 1993, sun kai wannan dabara ƙarshe. Kowace karta tana ɗauke da halitta ko tsafi da dokarta, kowane ɗan wasa na farawa da rai 20. Akwai kartar Splinter Twin, wadda ke bai wa halitta ikon haifar da kwafinta idan an kwantar da ita. Akwai kuma Deceiver Exarch, wadda da ta shigo fili za ta iya tayar da kartar da aka kwantar. A haɗa su: a kwantar, kwafi ya fito, ya tayar da uwarsa, a sake kwantarwa. Dokar wasan ta ce sai ɗan wasa ya faɗi adadi. Ya ce dubu ko miliyan, duk ɗaya ne, rundunar ta afka wa mai rai 20. A Janairun 2016 kamfanin ya haramta Splinter Twin a rukunin gasar Modern, a Afrilun 2017 kuma ya haramta Felidar Guardian a rukunin Standard saboda irin wannan haɗi da take yi da Saheeli Rai.

A ganinmu haramcin ya yi daidai, ko da yake masu son haɗin suna da hujja. Ba maguɗi suka yi ba, doka suka karanta fiye da kowa, kuma abokin wasa na iya kashe halittar kafin haɗin ya kankama. Sai dai a duba bambancinsa da dara. Mai dara yana gina tsarinsa a idon jama'a, ɗa bayan ɗa, tun daga lokacin zubi. Bayan kowane ci wasa na komawa hannun abokinsa, yana da damar toshewa ko ya rama ta wani gefe. In an cinye shi, ya san inda ya yi sakaci, 'yan kallo ma sun sani. Haɗin kartar kuwa guda biyu ne kacal, a ɓoye a hannu, ana iya kammala shi a zagaye na huɗu. Tsoronsa kaɗai na hana abokin wasa taɓa kartocinsa. Wasan mutum biyu ya koma na mutum ɗaya, ɗayan ya zama ɗan kallo.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne littattafanmu na yaƙi da tsafi, musamman waɗanda ake sakewa babi-babi a WhatsApp da Wattpad. Sau nawa muka ga an bai wa jarumi zobe mai kiran aljani, aljanin ya kawo takobi, takobin ya ƙara wa zoben ƙarfi? Daga wannan babi marubuci ya rufe wa kansa ƙofa. Zai ƙara yawan dakarun abokan gaba daga dubu zuwa miliyan, amma mai karatu ya riga ya san sakamako, sai ya riƙa tsallake shafi yana neman wurin soyayya. Tatsuniya ta fi mu wayo a nan: Gizo na da dabara, amma kwaɗayinsa kan kayar da shi, shi ya sa yara ke sauraro har ƙarshe.

Mutanen fadamar Haɗeja sun san darajar abin da ke zuwa ya koma. Ambaliyar damina kan janye ta bar ƙasar shuka. Bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ruwa ya riƙa gudana har da rani, ciyawar kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Ƙarfin da ba ya janyewa haka yake yi wa labari.

Ba mu ce a raba jarumi da zobensa ba. A sa wa zoben farashi, a nuna wa mai karatu gidan da za a iya toshewa, a bar abokin gaba ya taɓa nasa ɗan. Idan jarumi ya yi nasara bayan haka, mun yarda ya ci.