Sarki, Ubangida da Jagora: Sha'anin Iko cikin Littafin Shaihu Umar

Cikin shekarar 1933 aka yi shela daga Zariya, daga ofishin da Dokta R. M. East ke shugabanta, cewa malaman makarantun Nijeriya ta Arewa su gwada rubuta labarai na ƙagawa da Hausa. Daga cikin abin da aka aiko aka zaɓi littattafai biyar aka buga. Ɗaya daga cikinsu shi ne Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito cikin 1934. Sa'an nan mawallafin bai wuce shekara 22 ba, bai daɗe da fita Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Bauci. Littafin ɗan ƙarami ne, mutum ya iya karance shi tsakanin azahar da magariba. Amma ya yi nisan kwana, gama Mervyn Hiskett ya juya shi da Turanci cikin 1967, an mai da shi wasan kwaikwayo cikin 1975, kuma Adamu Halilu ya yi sinimarsa cikin 1976.

Galibin masu karatu sukan ɗauke shi labarin haƙuri ne da ƙaddara, watau yaron da aka sace ya sha wuya, daga baya Allah ya ɗaukaka shi ya zama shaihi. Wannan ba kuskure ba ne. Amma wanda ya sake karantawa a tsanake zai ga akwai wani zare da ya ratsa labarin tun daga farko har ƙarshe. Duk masifar da ta auku a ciki, wani mai iko ne ya jawo ta, ko kuwa yana da halin hana ta bai hana ba. Saboda haka ya kamata a duba masu ikon nan ɗaya ɗaya, a ga abin da mawallafin ya gani game da su, da kuma abin da ya tsallake.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Shaihu Umar malami ne a Rauta, kusa da Bauci. Wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. An haife shi a Kagara, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri wani bafade ana ce da shi Makau. Fadawa suka yi wa Makau hassada, suka sa Sarki ya kore shi daga gari, ya tafi ya zauna wajen Maƙarfi. Kafin iyalin su sake haɗuwa aka sace yaron. Ya yi ta faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan har ya kai Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya karɓe shi ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu. Uwar kuwa ta fita nemansa, wani mutum mai suna Ado ya yaudare ta, ta ƙare cikin bauta a Tarabulus. Sa'ad da ɗan ya same ta, ƙarfinta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu.

Mai iko na farko shi ne Sarki. Abin lura a nan, mawallafin bai zana shi azzalumi mai son zub da jini ba. Yana ƙaunar Makau, kuma ƙaunar nan ce ta tsone wa sauran fadawa ido. Bayan an komo daga wani hari, suka haɗa baki suka ce Makau ya ɓoye waɗansu daga cikin bayin da ya kamo. Sarki ya ji bakinsu ya zo ɗaya, ya ɗauka gaskiya ke nan. Laifinsa dai shi ne bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya sa bakinsu ya zo ɗaya ba. Shaidu goma da suka kwana suna shawara, ai shaida ɗaya ne. Wanda ke da ikon korar mutum daga gidansa da kalma guda, shi ne ya fi kowa bukatar ya jinkirta kalmar nan har ya bincika.

Gwanintar mawallafin a wannan wuri ita ce ya nuna inda hukuncin ya je ya faɗi. Makau aka nufa, amma Makau namiji ne mai ƙarfi, ya sami wani wuri ya kafa sabon zama. Waɗanda suka biya bashin su ne mace da ƙaramin yaro, waɗanda ba su je fada ba, ba a kuma ambace su cikin ƙarar ba. Sarki ya yanke hukuncinsa cikin yini guda ya shiga wata hidima, hukuncin kuwa ya yi ta tafiya shekara da shekaru, ya ƙetare Sahara, har ya kai wata baiwar Allah kabari a baƙuwar ƙasa. Littafin bai tsaya ya yi wa'azi a kan wannan ba, jerin abubuwan da suka auku shi ya faɗe shi. Nan ne ya bambanta da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, inda mugun waziri ya ke gina ramin mugunta, mai karatu kuma ya ga ya faɗa ciki, ransa ya yi sanyi. A Shaihu Umar labari ya bi waɗanda aka cuta ya bar macutan a inda su ke. Wannan ya fi ɗaci, amma ya fi kama da zaman duniya.

Mai iko na biyu shi ne Ado. Shi ba sarauta gare shi ba, ba dogarai. Ikonsa duka bai wuce abu guda ba: ya san hanya, matar nan ba ta sani ba. Ita uwa ce da hankalinta ya tashi, duk wanda ya ce zai kai ta wurin ɗanta za ta bi shi. Da suka yi nisa, suka kai Murzuk cikin ƙasar Fezzan, wadda ke cikin Libiya a yau, ba ta da dangi, ba ta da mai tsaya mata, sai ya mai da amana ta zama haja. Irin wannan iko shi ne ya fi yawa cikin mutane, kuma shi ne aka fi mantawa da shi in ana zancen iko. Kowane Bahaushe da ya taɓa sauka baƙuwar ƙasa, ko a zangon Kumasi ne ko a Jidda ko a London, ya san akwai kwanakin da rayuwarsa duka ke hannun wanda ya riga shi zuwa, wanda ya san harshe, ya san ofis, ya san inda a ke samun masauki. Mai masauki da tafinta da ɗan jagora, kowannensu ɗan ƙaramin sarki ne a kan baƙonsa. Littafin ya yi daidai da ya ba cin amanar Ado nauyi ɗaya da kuskuren Sarki.

Mai iko na uku shi ne Abdulkarim, kuma a kansa ne magana ta ke da wuya. A idon Shaihu Umar, mutumin nan uba ne. Ya ciyad da shi, ya tufasar da shi, ya kai shi gaban malami har ya zama abin da ya zama. Da Umar ya yi mafarkin da ya tayar masa da begen uwarsa, Abdulkarim bai hana shi ba, har ma tare suka kama hanya. Ba mai musun cewa mutumin kirki ne, kuma a fili ya ke mawallafin ya ajiye shi ne kusa da Ado don a gwada, a ga Balarabe na gari da wanda ba na gari ba.

Amma fa akwai tambayar da littafin bai sa a bakinsa ba a ranar da ta fi amfani. Ran da ya ga yaron a Kano, a hannun mutanen da sana'arsu ke nan kamun mutane, ɗan wane ne? Ina uwarsa? Abdulkarim attajiri ne mai faɗa a ji, da ya so a bincika da an bincika. Ba kuwa za a ce tambayar baƙuwa ce ga zamaninsa ba. Tun wajen 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta amsa ga masu tambaya daga arewacin Sahara, ya bayyana cewa mutanen ƙasashen da suka daɗe da musulunta, irin su Kano da Katsina da Barno, bai halatta a bautar da su ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya hana bautar da ɗa Musulmi. Ashe ko da ma'aunin wancan zamani aka auna, wajibi ne mai karɓar yaro ya san asalinsa. Abdulkarim ya ba Umar kome, sai abu guda da ya fi bukata, watau a mai da shi hannun uwarsa. Ya ƙetare Sahara da shi, kuma wannan tafiya ita ce ta ja uwar ta bi sawu har ta halaka. Kyautatawa dabam, adalci dabam. Mai kyautatawa yana ba da abin da ya ga dama daga cikin nasa, mai adalci kuwa yana mayar wa mutum abin da ya ke nasa ne tun asali.

A nan ne rauni na littafin ya ke. Da ya ke Shaihu Umar ne ke ba da labarin da bakinsa, kuma shi mutum ne mai haƙuri wanda ba ya zargin kowa, sai muryarsa ta lulluɓe kome da sanyi. Sanyin nan yana da daɗin karatu, shi ne ma ya ba littafin kwarjininsa. Amma ya sa mai karatu ya fita da tunanin cewa aibin bauta shi ne a faɗa hannun mugun ubangida, in an dace da na kirki shi ke nan. Hausawa sukan ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma labarin Umar ya gaskata karin maganar. Labarin uwarsa fa? Ita wane rabo hassadar fadawa ta zame wa taki?

Akwai kuma waɗansu da littafin ya wuce su ko waiwaye babu. Makau da a ke tausayi, daga hari ya komo. Gardamar da aka yi a fada, gardama ce a kan lissafin mutane, nawa ya kamo, nawa ya kawo, kamar ana ƙidayar awaki. Mutanen nan ba a faɗi sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali kowannensu yana da uwa wadda ta yi kuka irin kukan uwar Umar. Makau abin zalunta ne a gaban Sarki, amma a ƙauyen da aka kai wa hari shi ne mai takobi. Da mawallafin ya ba ɗaya daga cikin kamammun nan baki ko da na shafi guda ne, da littafin ya ƙara tsawo ba na takarda kaɗai ba. Ana iya yi masa uzuri da ƙuruciya da kuma zamani, gama Turawa sun ci Kano cikin 1903, amma ba a soke bauta ɗungum bisa doka a Nijeriya ta Arewa ba sai cikin 1936, shekara biyu bayan fitowar littafin. Waɗanda ya rubuta dominsu, da yawansu sun tashi cikin gidajen da ke da bayi ko 'ya'yan bayi. Uzuri dai uzuri ne, ba ya cike giɓin.

Abin sha'awa, rayuwar mawallafin ta kai inda alƙalaminsa bai kai ba. Cikin 1950, a majalisar Kaduna, Malam Abubakar ya tashi ya kawo shawarar a gyara tsarin mulkin En'e, ya soki yadda iko ya taru a hannun mutum ɗaya ba mai ce masa a'a, talaka kuwa ba a jin ta bakinsa. Cikin 'yan shekaru bayan haka aka sake doka, aka ɗaure sarki da yin mulki tare da majalisarsa. Watau wanda ya rubuta labarin Sarkin da fadawa suka ɓatar, ya gane daga baya cewa bai isa a yi addu'ar samun sarki mai kirki ba, sai an shirya abin da zai tilasta ko wane sarki ya saurara kafin ya yanke. Shi kansa ya zama Firayim Minista cikin 1957, ya riƙe har aka kashe shi cikin juyin mulkin Janairu 1966. Yadda ya yi da nasa ikon magana ce ta masu tarihi, kuma ba su gama ta ba.

Ɗalibin da ke karanta Shaihu Umar domin koyon Hausa zai sami harshe mai tsabta, gajerun jimloli, ba ƙawa ba cika baki. Amma in ya rufe littafin, ya dace ya riƙe mutanen nan uku a ransa, gama ba su mutu tare da zamanin ayari ba. Shugaban makaranta da aka kawo wa ƙarar wani malami yana zaune ne a mazaunin Sarkin Kagara. Wanda sabon zuwa ya damƙa wa fasfo da kuɗin guzurinsa yana tsaye inda Ado ya tsaya. Wanda ya ɗauko 'yar ƙauye riƙo, yana ciyad da ita yana yi mata sutura, bai taɓa tambayarta ko tana son komawa gida ba, shi ne Abdulkarim. Biyu na farko kowa ya san laifinsu. Na ukun shi ne abin tsoro, domin mutane suna yabonsa, shi ma yana yabon kansa, ba kuwa wanda zai tuna masa da tambayar da bai yi ba.