Gwanintar Gado a Rubutun Manhaja

A birnin Oslo ne Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fito da harshen kwamfuta mai suna Simula 67 a shekarar 1967, wanda a cikinsa aka fara barin aji ɗaya ya gaji wani. Aji a nan tsari ne da ke fayyace abin da wani abu ya ƙunsa da ayyukan da yake iya yi.

A ɗauki manhajar banki. Akwai aji mai suna Asusu, yana riƙe da lambar asusu da adadin kuɗin da ke ciki, yana kuma da aikin cire kuɗi. Sai bankin ya ƙirƙiro asusun ajiya mai wa'adi. Sabon shiga kwafe komai zai yi. Gwani kuwa, idan da harshen Java yake aiki, kalmomi biyu zai rubuta, extends Asusu, sabon ajin ya gaje komai. Aikin cire kuɗi kaɗai zai sake rubutawa, da suna iri ɗaya: a duba kwanan wata, in wa'adi bai cika ba a yanki tara, sannan a kira super domin uban, wato ajin Asusu, ya ƙarasa lissafi kamar yadda ya saba. Tamkar ɗan maƙeri ne da ya gaji maƙera, amma bakin fartanyarsa nasa ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da manhajar ke gudana. Layi guda zai bi dubban asusai yana umartar kowanne ya cire kuɗi, ba tare da ya san irinsu ba. A daidai wannan lokacin ake duba ainihin asusun, a zaɓo aikin da ya dace da shi. Java tana yin haka da kanta, amma a C++ sai an sa kalmar virtual.

Gwanintar gaske tana cikin kamun kai. A 1987 Barbara Liskov ta bayyana ƙa'idar da ƙwararru ke kiyayewa har yau: duk inda ake jiran uba, dole ɗa ya iya tsayawa ba tare da wani abu ya lalace ba. Asusun da ya gaji cire kuɗi amma ya mayar da shi zubawa ya karya alkawari. Shi ya sa gwani kan ɗora alamar @Override, wadda ta shigo Java a 2004, a kan aikin da ya sauya, don ko harafi ɗaya ya kuskure a sunan, za a tare shi tun kafin manhajar ta tashi.