Suna da Adireshi a Intanet: Sharhi a Kan Manhajojin nslookup da dig Daga Moshi Zango

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda sharhi ce a kan wasu ƙananan manhajoji guda biyu, wato nslookup da dig, waɗanda ake rubuta wa umarni a baƙin allon kwamfuta domin a gano adireshin da ke bayan wani suna na intanet. Abin da ya kawo su sashen harsuna shi ne dukkan aikinsu a kan suna yake, suna kuwa abu ne na harshe. An zaɓi Moshi Zango, wata unguwa ta birnin Kumasi a ƙasar Gana, a matsayin wurin auna su, saboda unguwa ce da ta ɗauko sunanta daga baƙi 'yan ƙabilar Mosi da suka gangaro daga ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, amma Hausa ce harshen da ya haɗa mazaunanta a kasuwa da masallaci. Wurin da baƙo ya saba neman mutum da suna, ba da lambar gida ba, ya dace da wannan gwaji.

2.0 Abin da Manhajojin Ke Yi

Kwamfutoci ba sa kiran juna da suna. Kowace tana da adireshi na lambobi, kamar 8.8.8.8, wanda kamfanin Google ya buɗe wa jama'a a shekarar 2009. A farkon zamani, jerin sunaye da lambobinsu duka a cikin fayil ɗaya suke, mai suna HOSTS.TXT, wanda ofishin Elizabeth Feinler da ke cibiyar bincike ta SRI a jihar Kalifoniya ta Amurka ke kula da shi, kowa ya kwafa. Da kwamfutoci suka yi yawa, sai Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS a 1983, aka kuma sabunta ƙa'idojinsa a 1987. A wannan tsari babu wanda ke riƙe da jerin duka. An raba iko hawa-hawa, daga tushe zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa cibiya.

Ɗalibin da ya rubuta nslookup knust.edu.gh, wato sunan jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, zai samu layuka kaɗan: sunan kwamfutar da aka tambaya, da lambar da ta bayar. Idan ya rubuta dig knust.edu.gh zai samu amsa iri ɗaya, amma da dogon bayani. Ana iya juya tambayar ma, a ba da lamba a nemi suna. Dig -x 8.8.8.8 yana dawo da dns.google.

3.0 Misalin Littafin Tarho da Rauninsa

Kusan duk mai koyar da wannan darasi yakan fara da cewa DNS tamkar littafin lambobin tarho ne. Misalin yana da sauƙi, amma ya makara. Abin da ya siffanta shi ne HOSTS.TXT, fayil ɗin da aka ƙirƙiro DNS domin a rabu da shi. Bugu da ƙari, matashin Moshi Zango da ya tashi da wayar hannu bai san wannan littafi ba, ke nan an bayyana masa abin da bai sani ba da wani abin da bai taɓa gani ba.

Zango yana da misalin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Tun zamanin fataucin goro, da kuma bayan da Turawan Ingila suka mamaye Kumasi a 1896 zangon ya bunƙasa, baƙon da ya sauka ba ya zuwa da lambar gida. Yana zuwa da sunan mutum da na garinsu. Za a kai shi wurin Sarkin Zango, shi kuwa sarki bai san ɗakin kowa ba, amma ya san shugaban kowace ƙabila. Shugaban Mosi ko na Dagomba ko na Hausawa zai ce a je gidan wane, maigidan nan ne kuma zai ce ga ɗakin wanda ake nema. Enid Schildkrout ta yi nazarin irin wannan zama na Mosin Kumasi a littafinta People of the Zongo na 1978. Wanda ya rubuta dig +trace knust.edu.gh zai ga wannan tafiya a kan allo daki-daki. Tambaya za ta fara daga tushe, inda ake da sunaye goma sha uku daga A zuwa M, ko da yake injinan da ke amsa su sun fi haka yawa ƙwarai, a warwatse cikin duniya. Tushe bai san jami'ar ba, sai ya nuna masu riƙe da gh. Daga nan a yi ta miƙawa har a isa kwamfutar da jami'ar ta ɗora wa alhakin sunanta. Kowane mataki yana faɗin iyakar abin da ya sani ne, sannan ya nuna na gaba.

Akwai wani abin sha'awa a nan ga mai nazarin fassara. Kalmar Ingilishi da ake kiran kwamfutar da ke da suna da adireshi, wato host, asalin ma'anarta mai masaukin baƙi. Mai fassara ba ya bukatar ya yi nisa, domin maigida na zango, wanda ke saukar da fatake, ya ajiye kayansu, ya haɗa su da masu saye, yana nan cikin harshen tun da daɗewa.

4.0 Ganau da Jiyau

A nan ne manhajojin biyu suka rabu. Sau da yawa nslookup yakan ɗora wa amsarsa wani gargaɗi na Ingilishi mai nufin cewa amsar ba daga mai iko ta fito ba. Ɗalibi yakan ɗauka an yi kuskure, ko kuma amsar ta jabu ce. Ba haka ba ne. Abin da ake nufi shi ne kwamfutar da ta amsa jiyau ce, ba ganau ba. Ɗan aike ce ta kamfanin sadarwa, ta je ta tambayo, ko kuma an taɓa aikenta a baya ta riƙe amsar. Laifin nslookup shi ne yana tayar da hankali ba tare da ya faɗi tsawon lokacin da wannan ji zai ci gaba da inganta ba, sai an matsa masa da ƙarin umarni.

Shi kuwa dig yana shimfiɗa komai. Yana raba tambaya daban, amsa daban, masu iko daban. A gefen kowace amsa akwai wata lamba, wato yawan daƙiƙoƙin da aka yarda ɗan aike ya riƙe ta kafin ya koma ya sake tambaya. 3600 na nufin awa guda. Idan aka maimaita umarnin bayan minti ɗaya, sau da yawa za a ga lambar ta ragu da kusan 60. Idan amsar ta ganau ce, haruffan aa za su bayyana a saman allo. Yana kuma bambance NXDOMAIN, wato an tambayi mai iko ya ce babu mai wannan suna, da SERVFAIL, wato ɗan aike ya kasa samo amsa. Bambancin babba ne. "Babu shi a unguwar nan" daban, "ban samu wanda zan tambaya ba" daban. A ranar 4 ga Oktoba 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp suka ɗauke na kusan awa shida, sunayen suna nan a rajista, hanyar isa ga kwamfutocin da ke amsa su ce ta ɓace. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni sosai a Gana. Mai shagon gyaran waya da ya iya karanta waɗannan kalmomi yana da hanyar gane ko matsalar ta wuce shagonsa, kafin ya kwance wayar mutane.

Saboda haka dig ya fi dacewa da aji. Sai dai nslookup ne ke zuwa cikin Windows tun daga shago, kuma shi ɗalibi zai tarar a yawancin kwamfutocin shagunan buga takardu. Malamin da ya raina shi zai koyar da abin da ɗalibansa ba za su iya gwadawa ba.

Dukkansu biyu suna da iyaka guda. Suna faɗin inda suna ya sauka, ba sa faɗin halin mai gidan. Ɗan damfara da ya yi rajistar suna mai kama da na banki zai samu amsa mai tsabta kamar kowa.

5.0 Haruffa Masu Ƙugiya

Babban abin da ya shafi sashen Hausa shi ne wannan. Tsohuwar ƙa'idar sunayen kwamfutoci ta yarda da haruffan Ingilishi 26 kawai, da lambobi 0 zuwa 9, da karan ɗori, kuma kowane gaɓa na suna kada ya wuce haruffa 63. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Waɗannan haruffa da suka zauna a rubutun boko tun ƙarshen shekarun 1930, zamanin aikin Rupert East a Zariya, ba ado ba ne. Su ke raba kaya da ƙaya, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa. Wanda ya buɗe masaukin baƙi a Kumasi ya so ya sa masa suna da Hausa, abin da tsohuwar ƙa'ida ta ba shi shi ne masaukinbaki, wato wurin da baki ke sauka.

A shekarar 2003 aka fito da mafita, aka kuma gyara ta a 2010. Ba a sauya tsarin DNS ba. An dai ƙirƙiro hanyar da ake kira Punycode, wadda ke mayar da baƙon harafi zuwa haruffan Ingilishi a ɓoye. Ta wannan hanya kalmar ƙasa ta zama xn--asa-e6a. An cire ƙ, an bar asa, an manna bayanin harafin da matsayinsa a wutsiya. Manhajar duba shafuka takan ɓoye wa mai karatu wannan, amma a layin umarni mutum yakan yi kiciɓis da shi ƙuru-ƙuru, musamman a tsofaffin nau'o'in manhajojin. Wannan na daga cikin amfaninsu ga mai nazarin harshe: suna nuna cewa an saukar da harafin Hausa ne a zaure, ba a shigar da shi cikin gida ba. Ko hakan ma, kowace hukumar rajista ce ke yanke irin haruffan da za ta karɓa a ƙarƙashinta.

Akwai kuma wani rashin daidaito tsakanin ƙa'idojin rubutu biyu. Nijeriya na rubuta 'ya'ya da 'yan da alamar ɗauri ta sama, wadda a allon madannai ba harafi ba ce, don haka ba ta shiga suna ko kaɗan. Nijar na rubuta ƴaƴa da ƴan, da harafi cikakke wanda Punycode ke iya ɗauka. Haka batun yake ga hamzar da ke cikin jama'a da sana'a, kalmomin da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa suka fi son sa wa kansu. A intanet sai su koma jamaa da sanaa.

Mai hamayya daga Moshi Zango na iya cewa wannan damuwar Kano ce. Da yawa daga masu Hausar zangunan Gana, musamman waɗanda ba ita ce harshensu na gida ba, ba sa bambance ƙ da k a furuci yadda Bakano ke yi, kuma saƙonnin waya sun daɗe suna tafiya babu ƙugiya, ana kuwa fahimtar juna. Hujja ce mai ƙarfi, amma ta tsaya ga zance. A cikin jimla, kalmomin da ke gefe suna warware shubuha. Suna na intanet kuwa shi kaɗai yake tsaye, kuma kwamfuta na ɗaukar kasa da ƙasa a matsayin gidaje biyu da mutane biyu daban za su iya mallaka. Ƙungiyar da ta yi rajistar mai ƙugiya ta bar maras ƙugiya, ta bar wa wani ƙofar da yawancin masu nemanta za su fara ƙwanƙwasawa.

Gana ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Kamfanin Network Computer Systems na Dakta Nii Quaynor ne ya haɗa ƙasar da intanet sosai a 1995, ya kuma kula da gh, sannan hukumar ICANN mai kula da tushen sunaye ta yi taronta a Akara a watan Maris 2002. A watan Oktoba 2017 gwamnati ta ƙaddamar da GhanaPostGPS, wanda ya raba ƙasar zuwa murabba'ai masu mita biyar-biyar, kowane da lambarsa. Na cikin birnin Kumasi suna farawa da AK. Mai zuwa biki a Moshi Zango dai har yanzu sunan gida da na masallacin da ke kusa yake tambaya, lambar kuma ta zauna cikin waya domin mai kawo saƙo.