Hatiman Malam Muhammadu Bakatsine da Masu Neman Baɗini

Birnin Katsina ya daɗe da shahara wajen ilmi. Tun zamanin da aka gina hasumiyar Gobarau har zuwa ƙarni na 17, lokacin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, almajirai su kan taso daga nesa su zo ɗaukar karatu. A cikin malaman da garin ya fitar, kaɗan ne sunansu ya yi nisa kamar na Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace Bakatsine. Ya tafi aikin hajji, sa'an nan ya zauna a Alƙahira, ya rasu can a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. Ɗan wannan maigidan nasa, watau Abdurrahman al-Jabarti mai tarihin Masar, ya kawo labarinsa cikin littafinsa.

Littattafansa biyu aka fi sani. Na ɗaya Bahjat al-Afaq, wanda ya gama a 1732, a kan ilmin haruffa da hatimai. Na biyu Al-Durr al-Manzum, a kan ɗalasimai da taurari. Masu karanta su a yau sun rabu biyu, kowane ɓangare kuwa yana da inda ya zame.

Ɓangare na fari su ne masana lissafi. Malam Hassan Gwarzo ya yi bayani a kansa a 1967, Claudia Zaslavsky kuma ta nuna hanyoyinsa na gina hatimi cikin littafinta Africa Counts a 1973. Daga nan sunansa ya shiga tarihin lissafi na Afirka, ya kuwa cancanta. Mutumin da ya tsara ƙa'idar cika hatimi mai gidaje mara, yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, a tsaye ko a kwance ko a karkace, lalle ya san hisabi. Amma waɗansu da suka biyo baya sun mai da shi malamin lissafi irin na makarantun zamani, suka kau da kai daga addu'o'i da sa'o'in taurari da ke cike da littattafan. Wannan rage wa mutum tarihinsa ne. Shi kansa bai raba hisabi da asiri ba.

Ɓangare na biyu su ne masu neman baɗini, waɗanda ke ganin kowace lamba ta ɓoye wani sirri da ba ya bayyana sai ga wanda ya shiga halwa. Maganarsu ta fi bukatar awo, domin ita ta fi yaɗuwa cikin jama'a.

A ɗauki ƙaramin hatimi mai gida tara, wanda a ke jingina wa Imam Gazali. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Kowane layi 15 ne, jimlar duka 45. In aka mai da lambobin kusurwoyi, watau 2, 4, 6, 8, zuwa haruffan abajada, sai a sami ba, dal, wau, ha, a karanta "baduhu". Masu baɗini su kan ce: alif da dal da mim na sunan Adamu 45 ne, ha da wau da alif na sunan Hauwa 15 ne, ashe hatimin yana ɗauke da sirrin namiji da mace. Lissafin daidai ne, ba a musu. Amma sunan tauraron Zuhal shi ma 45 ne, shi ya sa waɗansu suka ba shi hatimin. Kalmomin Larabci masu kai 45 suna da yawa, mai fassara shi ke zaɓen wadda ta dace da abin da ya riga ya nufa, ya bar sauran.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Abajada iri biyu ce. Mutanen Gabas da mutanen Magrib sun saɓa a kan haruffa shida. Harafin sin 60 ne a Masar, amma 300 ne a lissafin Magrib, wanda malaman ƙasar Hausa suka gada. Shin 300 ne a can, nan kuwa 1000, kamar yadda duk wanda ya warware ramzi a ƙarshen waƙoƙin masu jihadi ya sani. Saboda haka kalmar "salam" 131 ce a Alƙahira, 371 a Katsina. Idan sirrin yana cikin harafin kansa ne, yaya zai sāke don mutum ya ƙetare hamada? Malam Muhammadu ya zauna a ƙasashen nan biyu, abin da ya kamata masu bincike su duba cikin rubuce-rubucensa ke nan, su ga wane lissafi ya bi a kowane wuri.

Har wa yau, wannan hatimi mai gida tara sananne ne a ƙasar Sin tun kafin Musulunci. Labarinsu ya ce an gan shi a bayan kunkuru da ya fito daga kogin Lo, suka fassara shi da abubuwan addininsu, ba Adamu ba Hauwa. Tsarin lambobin ɗaya ne ko'ina, ma'anar kuwa kowace al'umma da tata. Wannan ya isa ya nuna daga inda ma'ana ta ke fitowa.

Saura maganar halwa. Masu baɗini su kan ce hujjarsu ba a takarda ta ke ba, a gani ta ke. Mutum ya keɓe kansa kwanaki a ɗaki mai duhu, yana azumi, ya rage barci, yana maimaita suna guda sau dubbai cikin hayaƙin turare, har ya ga haske ko ya ji murya, ya ce rauhanin hatimi ne ya zo masa. Ba daidai ba ne a ƙaryata shi kai tsaye, gama mai yiwuwa ne ƙwarai ya ga abin da ya ce ya gani. Yunwa da rashin barci da kaɗaici su kan juya hankalin ɗan Adam ko a wace ƙasa. Amma abin da mutum ya gani shi kaɗai ba ya zama dalili a kan wani. Manyan malaman sufanci da kansu sun gindaya sharaɗi cewa duk abin da aka buɗe wa mutum sai an auna shi da shari'a. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi dogon bayani a kan ilmin haruffa cikin Muƙaddima, ya kuma nuna kusancinsa da sihiri.

Abin lura shi ne, kowa abin da ya saba da shi ya ke gani. Almajiri a halwa rauhani ya ke gani. Ɗan bori kuwa, in garaya ta yi zafi aka kaɗa taken iskarsa, Ɗan Galadima ko Sarkin Rafi ke hawansa. Cikin iskokin ma akwai Malam Alhaji, wanda in ya hau doki sai a ga tsoho yana tari, yana jan tasbaha, yana kwaikwayon rubutu. Malamai ba su yarda a haɗa halwa da bori ba, a wajen aƙida kuwa suna da gaskiya. Amma mai bincike zai ga cewa a duka biyun al'ada ce ke ba abin da aka gani suna da kama.

Turawa ma ba su tsira daga wannan santsi ba. Tremearne ya tattara labarin bori wajen Hausawan Tunis da Tarabulus, ya buga The Ban of the Bori a 1914. Inda ya rubuta abin da ya gani da abin da aka gaya masa, littafin yana da amfani har yanzu. Inda ya shiga kwatanta iskoki da gumakan tsofaffin al'ummai don neman asalinsu, nan ya bar hujja ya hau zato. Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya buga nasa a 1946, ya fi shi taka tsantsan, aikinsa kuma ya fi ƙarko.

Malamin da ke horar da malamai yana da abin ɗauka a nan. Ya koya wa ɗalibansa gina hatimi mai gida 9 da 25 da 49, su gane da kansu dalilin da ya sa layi ke ba da 15 da 65 da 175. Ya gaya musu gaskiya cewa mai littafin ya yi imani da asirin abin, ya nuna musu zamanin da ya rayu. Sa'an nan ya saba musu da tambaya ɗaya duk sa'ad da wani ya zo musu da fassarar boye: wa ya faɗa, a wane littafi, da wane lissafi? Ɗalibin da ya riƙe wannan tambaya zai girmama Malam Muhammadu a kan abin da ya cancanta, ba kuwa zai ba da kuɗinsa ga mai sayar da sirri a bakin kasuwa ba.