Rawar Katak da asalinta guda biyu

Duk wanda ya taɓa kallon finafinan Indiya a Maraɗi ko Damagaram ya ga rawar Katak, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ake yi a fim ɗin Pakeezah na 1972 da Umrao Jaan na 1981: mace tsaye cir, ƙafafunta ɗaure da ƙananan ƙararrawa, tana juyi kamar katantanwa. Sai dai abin da fim ke nunawa ado ne kawai, zuciyar rawar tana wani wuri.

Sunan ya samo asali daga kalmar Sanskirit "kata", wato labari. Bisa abin da ake koyarwa a makarantun rawa, masu ba da labari ne na arewacin Indiya suka fara ta a wuraren bautar Hindu, suna rera tarihin Kirishna suna kwaikwayonsa da hannu da fuska. Har yau wannan ɓangare yana nan. Mai rawa guda kan zama mutum biyu: ya waiwaya dama ya zama Kirishna, ya waiwaya hagu ya zama Rada mai ɗauke da tulu, ba tulu ba magana, amma kowa ya gane.

Ɓangare na biyu kuwa lissafi ne tsantsa. Mai rawa yana ɗaura ƙararrawa ɗari ko fiye a kowace ƙafa, yana buga ƙasa da tafin ƙafa, ya zama makaɗi da kansa. Zagayen kiɗan da aka fi amfani da shi, tintal, yana da bugu 16. Mai rawa da mai kiɗan tabla kan rabu, kowa ya bi hanyarsa, ana ninka sauri ana juyi, sannan su haɗu daidai a bugun farko da ake kira "sam", rawar ta tsaya cak. Masana ba juyi suke yaba wa ba, wannan haɗuwar suke jira.

A nan ne labarin asali guda ya gaza. Sassan rawar kamar "amad" da "salami" sunayensu daga Farisanci da Larabci suke, kuma tufafin wasu masu rawa na fadar Mugal ne. A Lakno, a fadar Wajid Ali Shah, sarkin Awad na ƙarshe wanda Turawan Ingila suka tuɓe a 1856, rawar ta sami ladabi da taushin da aka san ta da su. Waɗanda suka riƙe ta tsawon zamani sun haɗa da makaɗa Musulmi da mata mawaƙan manya da ake kira "tawa'if". A ƙarshen ƙarni na 19 aka tayar da yaƙin ƙyamar waɗannan mata da sunan gyaran tarbiyya. Da aka zo farfaɗo da rawar a ƙarni na 20, sai aka ɗauki fasaharsu aka bar sunayensu, aka jingina tarihi ga gidajen malamai maza na Lakno da Jaifur da Banaras. Littafin Margaret Walker na 2014 ya nuna cewa hujjojin da ke haɗa rawar yau kai tsaye da wuraren bauta na dā ba su da ƙarfi.

Wannan bai rage darajar gwanaye irin su Birju Maharaj na gidan Lakno ba, wanda ya rasu a 2022, ko Sitara Devi ta Banaras. Amma ya kamata mai nazari ya tambayi dalilin da ya sa aka fifita asali ɗaya a kan ɗaya. Katak ta girma ne a mahaɗar Hindu da Musulmi, ta wurin bauta da fada, ta maza da mata. Wanda ya share rabin wannan gado don neman tsarki, to ya rage wa rawar ƙafa guda, kuma da ƙafa guda ba a isa "sam".